Tsayar da Mota Daga Nesa: Yaya Ake Yi, Kuma Wa Zai Riƙe Makullin?

A watan Oktoban 2009, a garin Visalia da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, wani mutum ɗauke da bindiga ya ƙwace wata jif ƙirar Chevrolet Tahoe daga hannun mai ita. 'Yan sanda suka gano motar, suka rufa mata baya. Ana cikin tsere sai ɓarawon ya ji mota ta daina jin totur. Ya taka, ya sake takawa, ita kuwa sai rage gudu take yi har ta tsaya. Ya fito ya ranta a na kare, ya tsallake wata katanga ya faɗa cikin kwamin wanka na gidan mutane, a nan aka damƙe shi. Ba a harbi taya ba, ba a bangaji motar ba. Ma'aikatan kamfanin OnStar ne, daga ofishinsu mai nisa, suka tura wa motar umarni ta layin waya. Wannan shi ne karo na farko da aka yi amfani da tsarin a kan motar da aka ƙwace da makami.

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin 'yan sandan Amurka zai ce abin burgewa ne. To amma ga mu da muke karatun lantarki da kanikanci da kwamfuta, ya kamata mu wuce burgewa mu leƙa cikin bonet. Yaya ake kashe mota daga nesa? Me ya sa har yau ba kowace mota ake iya yi wa haka ba? Kuma in an bai wa wani ikon kashe motarka, me zai hana shi yin hakan ranar da ba ka yi laifin komai ba?

Me ya sa ake neman wannan fasaha

Bin mota a guje yana cin rayuka fiye da yadda ake zato. Jaridar USA Today ta yi bincike a 2015, ta gano cewa sama da mutum 11,500 ne suka mutu a irin wannan tsere a Amurka tsakanin 1979 da 2013. Fiye da 5,000 daga cikinsu fasinjoji ne da masu wucewa, wato ba su ne ke tuƙa motar da ake bi ba. A 2024 jaridar San Francisco Chronicle ta sake ƙirgawa, ta samu aƙalla mutum 3,336 daga 2017 zuwa 2022. Abin da ya fi ciwo shi ne, da yawan waɗannan tsere a kan ƙaramin laifi suke farawa: gudun wuce ƙa'ida, fitilar da ta mutu, ko takardar da ta daina aiki.

Ɗauki biro ka lissafa. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga yaro ya shigo titi, ƙwaƙwalwarsa ta yanke shawara, ƙafarsa ta isa birki, mota ta riga ta shafe kusan rabin tsawon filin ƙwallo. In kuma gudu ya ninka biyu, ƙarfin da mota za ta daki abu da shi ninki huɗu yake yi. Ka ga ke nan ɗan sandan da ke bi da wanda ake bi duk sun zama haɗari ga mai tallan ruwa da ke bakin hanya.

Dabarun da aka saba da su

Kafin zuwan na'urorin zamani, hanya biyu ce aka fi bi. Ta farko ita ce shimfiɗa ƙusoshi a titi. Kada ka haɗa su da katakon nan mai ƙusa da muke gani a wasu shingaye na hanyoyinmu. Na 'yan sandan Amurka da Birtaniya ƙusoshi ne masu rami a ciki kamar bututu. In taya ta taka sai su ɓalle su maƙale a jikinta, iska ta riƙa fita a hankali, don kada tayar ta fashe farat ɗaya mota ta yi adungure. Matsalar ita ce dole mutum ya tsaya a gefen titi ya jefa su gaban motar da ke tahowa a guje, kuma jami'ai da dama sun rasa rayukansu a wannan tsayuwar.

Ta biyu ita ce dabarar da ake kira PIT, wadda 'yan sandan gundumar Fairfax a jihar Bajiniya suka fara koyarwa a shekarun 1980. Motar ɗan sanda za ta jera da wadda ake bi, ta zunguri gefen bayanta, sai bayan ya sulɓe motar ta juya ta tsaya. A ƙaramin gudu tana aiki. A babban gudu kuwa sai abin da Allah ya yi. Jaridar Washington Post ta ruwaito a 2020 cewa aƙalla mutum 30 suka mutu ta wannan hanya tun daga 2016. Tun kafin nan ma, a 2007, maganar bangazar mota ta kai gaban Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Scott da Harris. Wani matashi ɗan shekara 19 a jihar Jojiya ya ƙi tsayawa bayan an kama shi yana gudun wuce ƙa'ida, ɗan sanda ya daki motarsa ta baya, ya faɗa rami, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Alƙalai takwas cikin tara suka ce ɗan sandan bai karya tsarin mulki ba. Kotu ta wanke jami'in, amma yaron ya nakasa ke nan har abada, a kan laifin da tara ce hukuncinsa.

Daga baya an samu wasu ƙirƙire-ƙirƙire. Akwai Grappler, wani ƙarfe da ake ɗaura wa bambar motar 'yan sanda, yana miƙa raga mai ƙarfi ta naɗe tayar baya ta motar da ake bi. Daga jihar Arizona ya fito. Akwai kuma StarChase, wanda ke harba wata 'yar na'ura mai gam daga gaban motar 'yan sanda da ƙarfin iska. In ta manne a jikin motar, sai jami'ai su ja baya su daina tsere, suna kallon inda ta nufa a taswira. Wannan ba ya kashe mota, amma yana sa mai gudu ya ɗauka ya tsira, ya sassauta.

Yadda umarni ke isa cikin inji

Motar da sai an ja cok, a taka totur sau biyu kafin ta tashi, ba ta da kunnen jin umarnin kowa. Motar zamani kuwa kwamfuta ce ke tafiyar da ita. Akwatin nan da makanikai ke kira birenbos shi ke yanke yawan man da za a fesa wa inji da lokacin da fulogi zai ba da wuta. A motoci da yawa ma babu wayar ƙarfe tsakanin totur da inji. In ka taka, saƙon lantarki ne kawai ke tafiya zuwa kwamfuta yana cewa direba na son ƙarin gudu, ita kuma ta yanke hukunci. Ƙananan kwamfutocin da ke cikin motar suna magana da juna ta wata hanyar sadarwa mai suna CAN, wadda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ita a 1986.

To, in ka haɗa wannan hanyar da wata na'ura mai layin waya da mai karɓar saƙon tauraron ɗan Adam, ka buɗe ƙofa daga waje. Abin da OnStar, na kamfanin General Motors, ya yi ke nan a motocin 2009. Ga yadda tsarin yake tafiya. Mai mota zai kai rahoton sata ga 'yan sanda. Kamfani zai nemo inda motar take ya shaida musu. In jami'ai sun hango ta da idonsu, sai a sa fitilunta su riƙa ƙyaftawa daga nesa don a tabbatar ita ce, kada a tsayar da motar wani bawan Allah. Sai jami'in ya duba hanya ya ce yanzu babu haɗari, sannan a tura umarnin. Kwamfutar motar sai ta yi kunnen uwar shegu da totur, inji ya koma silo, mota ta yi ta rage gudu.

Lura da abu ɗaya: ba a kashe injin gaba ɗaya. Dalilin yana da muhimmanci. A yawancin motoci, taushin sitiyari da ƙarfin birki daga inji suke samun taimako. In inji ya mutu ana cikin gudu, sitiyari zai yi tauri kamar an ɗaure shi, birki kuma bayan taku biyu ko uku zai koma kamar kana taka dutse. Motar da ta yi nauyin tan biyu tana gudu babu mai iya sarrafa ta, ai an gudu ba a tsira ba. Shi ya sa injiniyoyin suka zaɓi a rage mai, a bar direba da sitiyarinsa da birkinsa. Akwai kuma wani umarnin daban da ke hana mota sake tashi bayan ɓarawo ya kashe ta da kansa, wanda shi ne mafi ƙarancin haɗari.

'Yan sanda a lardin British Columbia na Kanada sun daɗe suna amfani da irin wannan a motocin tarko. Sai su ajiye mota mai kyamara da na'urar kashewa a inda ake yawan sata. Ɓarawo na jan ta, ana kallonsa, in ya kai wuri mai sauƙi a kashe masa.

Igiyar rediyo mai rikita kwamfuta

Duk bayanin da ya gabata yana aiki ne a kan motar da aka riga aka sa mata na'ura. Mai laifi kuwa ba zai zaɓi irin wannan motar don ya faranta wa 'yan sanda rai ba. Wannan ya sa wasu kamfanoni suka bi ta wata hanyar: a harba igiyar rediyo mai tsananin ƙarfi zuwa ga motar. Wayoyin da ke cikin mota sai su zama kamar eriya, su kwashi wutar da ba tasu ba su kai wa kwamfuta, ita kuma ta rikice inji ya mutu.

A 2013 kamfanin e2v na Birtaniya ya gwada wa 'yan jarida irin wannan na'ura mai suna RF Safe-Stop a wani tsohon filin jirgi a Ingila. Ta tsayar da motoci da babura daga nisan da ya kai mita 50. Tarayyar Turai ma ta ɗauki nauyin wani bincike mai suna SAVELEC a kan wannan manufa.

Me ya hana ta yaɗuwa? Na ɗaya, nauyi. Na'urar ta kai kilo ɗari uku da wani abu, sai an ɗora ta a bayan babbar mota. Na biyu, wanda duk ɗan ajin lantarki ya sani: in nisa ya ninka biyu, ƙarfin igiyar yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ga shi kuma jikin mota ƙarfe ne, yana tare wani kaso. Mita 50 ɗin nan, mai gudun kilomita 120 a awa zai cinye ta cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Na uku, igiyar rediyo ba ta karanta lambar mota. Duk abin da ya shiga gabanta zai sha, ko motar asibiti ce ko ta mai kai yara makaranta, ga kuma fargabar abin da za ta yi wa mai ɗauke da na'urar bugun zuciya a ƙirjinsa. Na huɗu, tsohuwar mota mai dizal wadda ba ta dogara da kwamfuta ba, ko a jikinta. Don haka an fi ganin amfaninta a shingen bincike da ƙofar wurare masu tsaro, inda mota ke tahowa ta hanya ɗaya.

Ƙofar da aka buɗe wa ɗan sanda

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar. A farkon 2014 ƙungiyar Statewatch ta fallasa wasu takardu da suka nuna cewa wata haɗakar 'yan sandan ƙasashen Turai na nazarin yadda za a sa na'urar tsayarwa daga nesa a duk motocin da ake sayarwa a nahiyar. Aka yi ta cece-kuce. Masu goyon baya suka ce za a ceci rayuka. Masu adawa suka ce ƙofar da aka yi wa ɗan sanda, ɓarawo ma zai iya bi ta cikinta. Kuma abubuwan da suka faru sun nuna ba tsoron banza suke yi ba.

A 2010, a birnin Austin na jihar Tekzas, wani kamfanin sayar da motoci bashi ya sallami wani ma'aikacinsa. Motocin kamfanin suna da na'urar hana tashi, don a matsa wa wanda bai biya kuɗin wata ba. Korarren ya shiga tsarin ta intanet da kalmar sirrin wani abokin aikinsa, ya hana motoci sama da 100 tashi ko ya sa su yi ta busa ham. Mutanen da suka biya kuɗinsu daidai suka wayi gari ba su da abin zuwa aiki.

A 2015, masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suna zaune a gida suka kutsa cikin wata Jeep Cherokee da ɗan jaridar mujallar Wired ke tuƙawa a babban titi kusa da birnin St. Louis. Ta na'urar rediyo da nishaɗin motar suka shiga, daga nan suka tsallaka zuwa hanyar CAN. Suka kunna masa iska da waifa, daga ƙarshe suka raba inji da taya, yana taka totur mota na mutuwa ga tirela a bayansa. Kamfanin Fiat Chrysler ya janye motoci miliyan 1.4 don gyara.

Fasahar tana da ranarta kuma. A 2022, lokacin da sojojin Rasha suka kwashe taraktoci da injinan girbi na John Deere daga garin Melitopol na Yukiren zuwa Checheniya, an ruwaito cewa an kulle su daga nesa, suka ƙi tashi. Kowa ya yi murna. Amma manomin da ya yi tunani zai gane cewa hannun da ya kulle wa ɓarawo zai iya kulle masa shi ma.

Wata magana da ke yawo a Facebook da WhatsApp ita ce wai Amurka ta yi dokar da za ta bai wa 'yan sanda damar kashe kowace mota. Asalin maganar wani sashe ne na dokar gine-ginen more rayuwa ta 2021, wanda ya umarci hukumar kiyaye haɗurra ta tsara ƙa'idar sa wa sababbin motoci fasahar gane direban da ya bugu. Babu inda sashen ya bai wa ɗan sanda makullin kashewa daga nesa. Ana iya muhawara a kan dokar, amma a yi ta a kan abin da ta ƙunsa.

Ina ruwanmu da wannan a nan gida?

Wani zai ce wannan duk zancen Turawa ne, mu da yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne. Gaskiya ne ba mu da irin tsarin da ke haɗa kamfanin mota da 'yan sanda kai tsaye. Sai dai fasahar tana nan a ƙarƙashin dashbod ɗin dubban motoci da adaidaita sahu, da sunan tiraka. Je wurin masu rewaya ka gani. 'Yar na'ura ce mai sim da mai karɓar saƙon tauraron ɗan Adam, sai a haɗa ta da rile a kan wayar famfon mai. Mai mota ya tura saƙon tes, rile ya buɗe, mai ya yanke. Masu ba da abin hawa a biya kaɗan-kaɗan suna sa ta, masu tsoron 'yan ƙwace ma suna sa ta.

Ka ga wannan ba ta da ladabin tsarin da muka yi bayani a sama. Ba ta ƙyafta fitila don tabbatarwa, babu jami'in da ke duba hanya, kuma yanke mai take yi gaba ɗaya. Wasu ƙirar an tsara su ba za su yanke ba sai gudu ya sauka ƙasa da kilomita 20 a awa, wasu kuwa ko oho. Ka yi tunanin direba na tsakiyar wuce tirela a hanya mai hannu biyu, wani yana kwance a ɗaki ya danna waya.

Ga kuma batun tsaro. A Yulin 2022 kamfanin BitSight da hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, suka yi gargaɗi a kan wata tiraka mai araha ƙirar MiCODUS MV720. An samu ramuka da dama a cikinta, ciki har da kalmar sirri ta asali 123456 da wata babbar kalmar sirri da aka dasa a ciki, waɗanda za su bai wa baƙo damar bin diddigin mota da yanke mata mai. An ƙiyasta na'urorin kamfanin sun kai miliyan 1.5 a ƙasashe 169. Tambayi kanka: cikin masu sa tiraka da ka sani, mutum nawa ne ke sauya kalmar sirrin da ta zo da ita?

Sai matsalar sabis. Umarnin ta layin waya yake tafiya. Inda babu sabis, tes zai maƙale, ya isa bayan minti goma, lokacin da motar ta riga ta shiga wani yanayi daban. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro. A tsawon wannan lokaci babu tirakar da za ta karɓi umarni a can, alhali a irin wuraren nan ne aka fi bukatarta.

Akwai kuma doka. Tiraka tana rubuta inda mutum ya je, da ƙarfe nawa, da tsawon zamansa. Wannan bayanin sirri ne, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tattara irinsa. In wata rana aka kawo shawarar bai wa jami'an tsaro wannan makullin, tambayoyin da ya kamata mu yi su ne: a kan wane laifi za a danna, wa zai ba da izini, ina ake rubuta kowace dannawa, kuma wa zai biya in an tsayar da motar da ba ita ba? Duk wanda ya taɓa tsayawa a shinge ya san dalilin da ya sa tambayoyin ba na wasa ba ne.

Ko a Amurkan ma, masana ba su jingina komai a kan na'ura ba. A 2023 ƙungiyar binciken shugabannin 'yan sanda ta PERF ta ba da shawarar a daina bin mota a guje sai in wanda ake bi ya aikata laifin zubar da jini kuma barinsa haɗari ne ga jama'a nan take. Sauran a ɗauki lamba, a kama su gobe. Wannan ba ya bukatar batir ko sim.

'Yan uwa, da yawanmu bayan kammalawa wannan sana'a za mu shiga, wasu ma sun fara tun lokacin SIWES, wasu kuma a kanta suke yin furojet. In kai ne mai sa tiraka, sauya kalmar sirri a gaban mai mota, ka bar shi ya zaɓi tasa. Saita ta kada ta yanke mai ana cikin gudu, ko kuma ka ɗora rile a kan wayar tayar da mota, yadda in an kashe ba za ta sake tashi ba. Gwada ta a fili inda babu mutane kafin ka miƙa makulli. Ka shaida wa mai motar cewa in an ƙwace ta ya fara sanar da 'yan sanda, kada ya ɗebi abokai su bi sawu. In kuma kin sayi mota ko keke ta hannu, 'yar uwa, ki sa a duba ƙarƙashin dashbod, domin mai yiwuwa tsohon mai ita yana riƙe da lambar da za ta iya kashe miki inji a tsakiyar titi.